Ɗakin Littattafai da Amaryar da Ban Nema Ba

Aikina koyar da kimiyyar harshe ne, kuma babu darasin da nake ji da shi kamar na yadda mai sauraro yake tsinto ma'anar da ba a furta ba. Nakan ba ɗalibai labarin Paul Grice, masanin falsafa ɗan Ingila, wanda ya gabatar da laccoci a Jami'ar Harvard a 1967, aka buga sashensu a 1975. Ya nuna cewa mai sauraro yana ɗauka mai magana zai faɗi gaskiya, daidai gwargwadon buƙata, a kan abin da ya shafi zancen, kuma a fayyace, sannan ya ɗora fahimtarsa a kan wannan zato. Shi ya sa idan baƙo ya zarce da hira, maigida ya ce masa dare ya yi nisa, baƙon yakan nemi takalmansa, ba ya tsaya duba agogo.

Akwai wani ɗaki a tsakar gidana da ya daɗe cike da tarkace, daga tsohon keke har buhunan gawayi, alhali littattafaina suna jibge a kwalaye. Wata rana bayan la'asar, Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana zaune a kan tabarma domin ta zo mana kwana biyu daga ƙauye, sai na nuna ɗakin na ce, “Gwaggo, ina so in sa a gyara ɗakin can, a yi masa fenti, a sa sabuwar ƙofa, domin ina da buƙatarsa.” Har gobe ina kan bakana cewa babu aibi a wannan jimla, ko ta fuskar nahawu ko ta fuskar gaskiya. Gwaggo ta dube ni, ta murmusa, ta ce, “Madalla ɗan nan, Allah ya sanya alheri, ya kaɗe fitina.” Na ɗan yi mamakin fitinar da za a kaɗe a aikin fenti, amma na amsa da amin. Uwargida kuwa, wadda take tsintar shinkafa a gefe, ta ajiye faifai ta shige ɗaki.

Da magariba na ji ta tana watsa wa kaji tsaba, tana ce wa babbar kazar, “Ci ki ƙoshi baiwar Allah, ke da kika sha wahalar gidan, tun kafin sabuwa ta zo ta ture ki.” Ni da nake koyar da habaici a aji, na san kazar ba ta da hannu a wannan zance. Tuwon dare ya zo da miyar kuka tsinkakkiya, ba nama ba man shanu, kuma aka dire mini shi da, “Ga abinci nan, Malam, a ci da haƙuri kafin masu iyawa su iso.”

A 1986 wasu masana biyu, Dan Sperber na Faransa da Deirdre Wilson ta Ingila, sun faɗaɗa tunanin Grice, suka ce ƙwaƙwalwa tana bin hanya mafi sauƙi ne, ta kama fassarar farko da ta gamsar da ita gwargwadon abin da yake cikinta tun da farko, daga nan ta daina bincike. Abin da yake cikin kan Gwaggo a bayyane yake: magidanci mai albashi, mai mace ɗaya, wanda furfura ta fara leƙo masa, ya keɓe gwaggonsa yana zancen fenti da sabuwar ƙofa. A duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin an yi wa takarda ɗaki ba, amma ta ga an yi wa amare da yawa. Kuma tunda ɗa mai tarbiyya ba ya buɗe baki ya ce wa babba yana son ƙarin aure, dole ta sa ran zancen zai zo a nannaɗe.

Na kwana da ƙwarin gwiwa, domin Grice ya ce irin wannan ɓoyayyiyar ma'ana tana da wata siffa, wato mai magana yana iya soke ta idan ya ƙara bayani. Da safe na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Gwaggo, ɗakin nan fa na littattafai ne, ba aure zan ƙara ba.” Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, “Haba ɗan nan, ai ba sai ka wahalar da kanka ba, mu ma mun san kunya. Ubanka ma da zai ƙaro ta biyu, cewa ya yi zai yi wa awaki rumfa.” Na rantse, ta ce rantsuwar ma gado ce. Na kinkimo kwali guda na buɗe a gabanta, ta leƙa, ta yaba mini da na fara tanadin wurin zuba kayan lefe. Musuna ya zama kamar mutsu-mutsun wanda ya faɗa taɓo, kowane yunƙuri ƙara nutsar da ni yake yi.

Kafin azahar Kawu ya kira ni a waya, ya ce labari ya iso, kuma akwai 'yar wani amininsa mai hankali da ta gama kwalejin ilimi. A masallaci mutanen unguwa suka fara kirana ango, wani dattijo ma ya ja ni gefe ya yi mini nasiha a kan adalci wajen rabon kwana. Shi kansa mai fentin, da ya zo ganin aiki, sai ya sassauta murya ya tambaye ni launin da ita Hajiyar take so, domin a cewarsa yanzu amare sun fi son ruwan hoda.

Ganin miya tana ƙara tsinkewa, sai na yanke shawarar tunda magana ta gaza, bari in gwada aiki. Na shiga kasuwar Kantin Kwari na sayo atamfa mai tsada da mayafi da takalmi, na kai wa uwargida domin ta san matsayinta a wurina bai girgiza ba. Ta warware atamfar, ta duba ta ciki da bai, ta gwada takalmin, sannan ta ɗaga murya yadda za a ji daga tsakar gida ta ce, “Gwaggo, zo ki sa albarka, an kawo mini kayan faɗar kishiya.” Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta aiki yaro ya sayo mata katin waya, kuma a gabana ta shaida wa Kawu cewa tunda yaro ya sallami uwargida, babu sauran jira, su shirya zuwa neman aure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.