Gidan Gilashi da Inuwar Buzu

Alhaji Bakano ne, dillalin tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ya sayi fuloti ta wajen hanyar Ikorodu. Wata Asabar da hantsi ya kirawo mai zanen gine-gine, wani Bazazzagi da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, tare da wani tsohon magini da ya ɗauko takanas daga Kano. Da rana ta fara cizo, sai su ukun suka fake a rumfar Buzu maigadi, wadda ke ƙarƙashin wani tsohon mangwaro.

Alhaji: Injiniya, ni ba na son dogon turanci, domin a sana'armu wanda ya tsaya dogon ciniki kayansa ne ke ruɓewa. Bene nake so hawa huɗu, gilashi tun daga ƙasa har sama, irin waɗanda na gani a Dubai, yadda duk wanda ya taso daga Ketu zai tsaya ya tambayi mai shi.

Bazazzagi: Ranka ya daɗe, za su tsaya su yi tambaya kuwa, sai dai abin da za su tambaya shi ne wane bawan Allah ake gasawa a ciki. Fuskar fulotin nan yamma take kallo, kuma gilashi yana barin rana ta shiga amma ba ya barin zafinta ya fita. Kai da kanka ba ka yarda direba ya rufe tumatirinka da leda a tsakar rana, to yaya za ka rufe iyalinka da abin da ya fi leda riƙe zafi?

Alhaji: Ai don haka aka yi na'urar sanyaya ɗaki. Za a sa goma sha biyu.

Bazazzagi: Da wace wutar za su yi aiki? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya zama mace ta biyar a gidajen mutane, ga ci ga surutu, kuma ba ta sakuwa. Waɗanda aka ce suna rukunin farko na masu samun wuta, a watan Afrilun 2024 aka mayar musu da ma'auni ɗaya naira 225. Na san Bakano zai iya jure zafi, amma ban taɓa jin wanda ya jure ganin kuɗinsa na ƙonewa ba.

Alhaji: Ka ji bawa da bakin ubangijinsa! Wato har Zazzau ta yi girman da za ta koya wa Kano lissafi?

Magini: Rabu da shi, Alhaji, 'yan boko ne, kafin su aza bulo ɗaya sun cinye takarda ɗari. Ka ba ni jar ƙasa da azara, in yi maka tubali in ɗora maka soro mai kaurin bango kamu biyu, in shafe shi da makuba, in kafa masa zankwaye huɗu. A irinsa aka haife ni a Kano, kuma ko a watan bazara da mayafi muke barcin rana.

Bazazzagi: Baba, ba ni da ta cewa a kan soro, tun da Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu namu ne, kuma har yau bakan gizon da ya ɗaura yana tsaye.

Magini: Ai na san sai ka kawo Zariya.

Bazazzagi: Dole ne, domin can aka fi iyawa. Amma abin da ke sa soro sanyi a Arewa shi ne iskar can busasshiya ce, dare kuma yana hucewa, saboda haka bango mai kauri yakan sha zafin rana a hankali, ya amayar da shi da dare lokacin da gari ya yi sanyi. A Legas dare ba ya hucewa sosai, iska kuma cike take da laima, har gishiri yana narkewa a cikin kwano. Ruwan sama da ake yi nan a shekara ya kai kusan ninki biyu na Kano, ana yi daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, a sake komowa a Satumba. Idan ka yi masa shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa da indararo biyu, kafin damina ta uku Alhaji zai kwana da kunu a ka.

Alhaji: To, gilashi ka ce gashi ne, soro ka ce kunu ne. A ina kake so in zauna, a bisa bishiya?

Bazazzagi: Kusan haka, ranka ya daɗe. Mu riƙe hikimar Baba mu sauya mata riga. Bulon jar ƙasa da aka matse da inji aka ɗan sa masa siminti yana jure wurin nan, muddin an ɗaga shi daga ƙasa a kan tushe mai tsawo, an kuma yi masa rufi mai gangara da dogon baki wanda zai hana ruwa dukan bango. A yi hawa biyu kawai, a juya dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, a sa tagogi suna fuskantar juna domin iskar teku da ke tasowa daga kudu maso yamma ta shiga ta nan ta fita ta can. Akwai wani ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, wanda ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon rufin sama ya bar rata tsakaninsa da silin don zafi ya sami hanyar fita. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a wannan sana'a.

Magini: Wato Turawa sun ba mutum kyauta saboda ya kwaɓa ƙasa? Ni shekara hamsin ina kwaɓawa, ko goro ba su aiko mini ba.

Alhaji: Nawa ne kyautar?

Bazazzagi: Dalar Amurka dubu ɗari.

Alhaji: Baba, daga yau ka riƙa ɗaga kwano. Amma Injiniya, wannan fili da ka bari fanko a tsakiyar takarda, wa zai biya ni kuɗinsa? Sau biyu na biya omo onile, wato masu cewa filin na kakanninsu ne, kafin su bar ni in sauke yashi, ba zan bar ko taku ɗaya babu gini a kansa ba. Sauran kuma a daɓe shi da siminti har bakin ƙofa.

Bazazzagi: Tsakar gida ce, ranka ya daɗe, irin wadda Hajiya babba take shanya a cikinta a Kano, kuma ita ce hancin da gidan zai riƙa numfashi da shi. Batun daɓe kuwa, ka tuna cewa unguwar nan fadama ce aka cike, kuma duk shekarar da aka saki ruwan madatsar Oyan ya biyo kogin Ogun, mutanen Isheri da Owode da kwalekwale suke fita. Ruwan da ya faɗo a kan ƙasa yana nutsewa, wanda ya faɗo a kan siminti kuwa sai ya nemi wurin kwana, kuma falonka ne ya fi kusa.

Magini: In haka ne a yi masa gida a kan ruwa mana, kamar na mutanen Makoko.

Bazazzagi: An gwada. Kunle Adeyemi ya yi makaranta mai hawa uku da katako a can a 2013, tana yawo a kan gangunan roba sama da 250, duniya ta yi ta yabo, amma a watan Yunin 2016 ruwa da iska suka kayar da ita bayan an daina amfani da ita.

Alhaji: Alhamdu lillahi, ashe 'yan boko ma nasu yana faɗuwa. Ni dai abin da na lura da shi, tun ɗazu muke zaune a nan ban yi gumi ba. Buzu, wace na'ura ka ɓoye a rumfar nan?

Buzu: Babu na'ura, maigida. Na ɗora katako a kan bulo huɗu don kada ruwa ya taɓa tabarmata, na bar gaba da baya a buɗe, na sa zana a gefen da rana ke faɗuwa, sauran aikin kuma mangwaro ne yake yi.

Bazazzagi: Ka ji duk abin da na yi shekara shida ina karantawa a Samaru.

Alhaji: To me ya sa zan biya ka miliyoyi, alhali ga Buzu ya zana shi a kyauta?

Buzu: Ai mangwaron ne ka ce a sare ranar Litinin, maigida, har ka ba mai inji kafin alkalami.

Alhaji: Ni na ce haka? Maza a kira shi ya dawo mini da kuɗina. Injiniya, ka soke gilashin, ka zana gidan ya zagaye bishiyar nan, ɗakina kuma ya zama daidai inda Buzu yake shimfiɗa tabarma. Kai kuma Buzu, tun da ta tabbata wuri mafi tsada a fulotin nan kake kwana shekara biyu, daga wannan wata za a riƙa cire kuɗin inuwa a albashinka.

Buzu: Babu laifi, maigida. Sai a fara cirewa daga na wata ukun da ba a biya ni ba. A zuba maka shayi?

Alhaji: Nawa ne kofi?