Mutum-mutumin ne mugun, ko wanda ya ba shi umarni?

Marubucin wata maƙala da na karanta ya ce finafinan katun na kimiyya duk tsoratarwa suke yi cewa na'ura za ta juya wa ɗan Adam baya. Ban yarda ba, kamar rabin finafinan kawai ya kalla. A fim ɗin WALL-E na 2008 wa ya cika duniya da shara? Mutane ne da kamfanin da ke sayar musu da komai. Dubi mutanen cikin jirgin sararin samaniyar da suka koma zama a ciki bayan sun bar duniya: sun yi ƙiba har ba sa iya tafiya, kowa kwance a kujera mai shawagi, allo a gaban fuska, yana hira da na kusa da shi ta allon ba tare da ya waiwaya ba. Ita ma na'urar da ta hana su komawa gida umarnin shugaban kamfani take bi. Sannan maƙalar ta tsallake Japan gaba ɗaya, alhali can ne aka fi zurfafa maganar. A fim ɗin Japan Ghost in the Shell na 1995 an yi wa wani mai kwashe shara kutse a ƙwaƙwalwa, aka dasa masa tunanin ƙarya cewa yana da mata da 'ya, ga shi bai taɓa aure ba. Wannan ya fi mutum-mutumi mai bindiga ban tsoro nesa ba kusa ba. Wani mai sharhi kuma ya ce katun abin yara ne, to wane yaro zai fahimci wannan?