Ranar da na raba wa Isra'ilawa nama a bakin Bahar Maliya

Ni fa da muka fara ajin Ibrananci a makarantar tauhidi ji nake na fi kowa, dalili kuwa a Zariya na tashi cikin maƙwabta Musulmi, abokaina in sun dawo daga Islamiyya a gabana suke tilawa, to na ɗan tsinci Larabci sama-sama. Sai ga malam yana cewa kalmomin Ibrananci yawanci daga tushe mai baƙi uku suke fitowa, katab rubutu, shama ji, shalom salama. Na ce kai, ai wannan Larabci ne ya canza riga. Tun daga nan na daina haddar jadawalin nan na sigogin aikatau, wato Kal, Nifal, Piyel, Hifil da sauransu, su bakwai, ina zaune a baya ina kaɗa ƙafa.

Ran nan malam ya rubuta ayar Littafin Fitowa 14:14 a allo, ya ce wa zai fassara. Adonai yillahem lakem. Ina ganin lam, ha da mim zuciyata ta ce lahm, nama kenan da Larabci, ko yaron goye ya san wannan. Ban ma jira an kira ni ba na miƙe, har da gyara wuyan riga, na ce “Ubangiji zai ba ku nama, ku dai ku yi shiru.”

Ajin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Malam ya zare tabarau ya ce, “Ɗana, ka san inda mutanen nan suke a wannan ayar?” Na ce a jeji, Baba. Ya ce teku na gabansu, karusan Fir'auna na bayansu, mata na kuka, shi ne Musa zai tashi ya yi musu alkawarin balangu? Wani ɗan Kafanchan da ke gefena sai da ya faɗo daga benci.

Ashe yillahem Nifal ne, daga nilham, wato yin yaƙi, kuma ɗigon nan da ke cikin lamed, wato harafin lam na Ibrananci, wanda na ɗauka alli ne ya ɗiga, shi ne alamar nun ɗin Nifal da ya narke a ciki. Ubangiji zai yi yaƙi dominku, abin da ayar ke cewa kenan, kuma wallahi na san ta da Hausa tun ina Sande Sukul, rawar kai ce kawai. Abin haushin ma, lehem a Ibrananci gurasa ce, ko kusa ba nama ba, shi ya sa Baitalami su a wajensu gidan gurasa ne, Larabawa kuma su ce gidan nama.

Ban haƙura ba fa. Na kwana kan ƙamus har na tono Karin Magana 9:5, lahamu belahmi, ku ci abincina, baƙaƙen nan uku dai kuma ci ake nufi. Da sassafe na tare malam a ƙofar ofis ina haki. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce madalla, wannan Kal ne, naka Nifal, kuma har yanzu ban ga naman ba. Biyu bisa goma ɗin da ya ba ni ko motsi ba ta yi ba.

Shekara uku kenan, har mai sayar da ƙosai a bakin get Sarkin Fawa take ce min.