Mace mai ciki ba ta aika wakili awo

Wani labari da na karanta ya ce ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar ƙanjamau da ke karɓo wa juna magani sun sa iyalansu ƙara zuwa awon ciki da riga-kafin yara, kuma na yarda da rabin maganar. Tun da aka fara wannan tsari a lardin Tete na Mozambik a 2008, babban amfaninsa shi ne mutum guda ya je asibiti ya karɓo wa sauran, su huta da kuɗin mota da dogon layi. Amma mace mai ciki dole ta je da kanta a auna ta, kuma jaririn da ta haifa yana bukatar maganin kariya tun ranar haihuwa, sannan a gwada jininsa idan ya kai mako 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a ɗauki mataki ba, uwa na iya sa wa jariri cutar da kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari, amma da magani abin yakan sauka ƙasa da kashi 5. A ƙauyukan Daura, inda har yanzu mata da yawa ke haihuwa a gida hannun ungozoma, izinin fita da kuɗin mota suna wurin maigida. Ɗan'uwa da ka rubuta cewa ƙungiyar ta wadatar, ina tambayarka: matar da ke ɓoye maganinta a ƙasan akwati don tsoron saki da gorin kishiya, wa zai zauna da mijinta ya fahimtar da shi kafin ranar haihuwa?