Zafin jiki ɗaya ne, a Samaru ko a Toronto

Mutanenmu na gida kan ce wanda ya daɗe a ƙasar sanyi jininsa ya canza. Ni ban yarda ba. Ko kana Toronto a watan Janairu ƙanƙara na zuba, ko kana Samaru a Afrilu rana na dukan kwano, zafin jikin mai lafiya yana nan wajen digiri 37. Bambancin kawai wahalar da jiki ke sha kafin ya riƙe shi a nan.

Akwai wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamas, da ba ya barci, kullum yana auna ɗumin jini. Da ya haura, sai ya saki gumi, jijiyoyin fata su buɗe. Da ya sauko daidai, sai ya janye umarnin. In ya yi ƙasa kuwa, sai makyarkyata, irin wadda ke kama almajirai da asubar hunturu a Tudun Wada. Wato sauƙin da aka samu shi ke komawa ya tsayar da aikin.

A batun gumi, Zariya ta fi mu da ke nan Toronto morewa, ko da wasu za su ce santsin gida ke ɗibata. Gumi ba ya sanyaya mutum sai ya bushe, kamar yadda nason randa ke sanyaya ruwa. Iskar bazara a gida busasshiya ce, gumi na tsatsowa tana kwashewa. Nan kuwa a Yuli iskar bakin tafkin Ontario a jiƙe take, ka yi sharkaf, riga ta manne a baya, sauƙi babu. Wallahi digiri 30 na nan ya fi gallaba ta a kan 38 na Ƙofar Doka.

Ɗan'uwan da ya je gida hutu yana haki kuma, ba iyayi yake ba. Sai ya yi mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba fara gumi da wuri.

Inda nake ganin mutanen nan sun fi mu shi ne kula da tsofaffi. Ƙishirwa ma irin wannan ƙararrawa ce, amma tana dushewa da shekaru, tsoho kan bushe bai ji ba. Nan in zafi ya tsananta, ana buɗe wuraren shan sanyi, ana ta sanarwa a leƙa dattawan unguwa. Mu kuwa sai mu jira Hajiya ta ce a kawo ruwa. A riƙa miƙa mata moɗa tun ba ta tambaya ba, musamman tsakanin buɗa baki da sahur.