Tom Wills da rabin labarin da aka ƙera da tagulla

Tun daga watan Satumba na 2021, lokacin da kafar yaɗa labarai ta ABC ta Ostireliya ta tono wani tsohon rubutu da jaridar Chicago Tribune ta buga a 1895, inda aka ruwaito Tom Wills, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan ƙwallo irin na Ostireliya, yana ba da labarin yadda ya sa hannu a kisan ramuwar gayya da aka yi wa 'yan asalin ƙasar, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne saurin da masu kare shi suka yi wajen share maganar. Hujjarsu ita ce marubucin bai sa sunansa ba, rubutun yana da kurakurai, kuma an buga shi shekara 15 bayan mutuwar wanda ake zargi. Duk wannan gaskiya ne, sai dai sun yi kamar ba su san cewa akwai wata shaida da ta fi wannan nauyi ba, wadda Wills ya rubuta da hannunsa.

Babu mai musun abin da mutumin ya yi wa wasan ƙwallon Ostireliya. An haife shi a 1835, ya tashi a gandun kiwon tumakin mahaifinsa a yammacin Victoria, cikin al'ummar Djab Wurrung, wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar, har ya iya harshensu. Daga nan aka tura shi makarantar Rugby a Ingila, ya dawo a 1856 a matsayin gwanin wasan kurket. A ranar 10 ga Yuli, 1858, ya rubuta wa wata jaridar wasanni ta Melbourne wasiƙa yana neman a kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai dokokinta, domin 'yan kurket su samu abin motsa jiki a lokacin sanyi. A watan Mayu na 1859 ya zauna da William Hammersley da J. B. Thompson da Thomas Smith a otal ɗin Parade, suka rubuta dokoki 10 na ƙungiyar Melbourne, waɗanda su ne tushen wasan da ke cika MCG, babban filin wasa na Melbourne, a yau. Mutum-mutumin tagulla da aka kafa masa a wajen filin a 2001 yana nuna shi tsaye yana alƙalancin wasa, yara biyu a gabansa suna kokawar ƙwallo, domin tunawa da karawar da aka yi tsakanin makarantun Melbourne Grammar da Scotch College a 1858.

Abin da tagullar ba ta nuna ba shi ne ranar 17 ga Oktoba, 1861. A wannan rana mutanen Gayiri, 'yan asalin yankin, suka afka wa zangon mahaifinsa, Horatio Wills, a Cullin-la-ringo da ke Queensland, suka kashe mutum 19, har da uban nasa da mata da ƙananan yara. Tom ya tsira ne kawai saboda an aike shi ɗauko kayan masarufi. Masana tarihi da dama suna ganin harin martani ne ga kisan da wani Bature maƙwabcinsu ya yi wa mutanen yankin kan zargin satar tumaki. Abin da ya biyo baya kuwa ya fi ƙarfin a kira shi ramuwa, domin Turawan yankin da 'yan sandan mulkin mallaka sun bi mutanen daji-daji suna harbewa, kuma ƙiyasin waɗanda aka kashe ya kai ɗaruruwa. A cikin waɗannan kwanaki ne Wills ya rubuta wa ɗan'uwansa H. C. A. Harrison wasiƙa, ya lissafa sunayen mamatan, sannan ya roƙi a turo masa jarumawan maza da za su harbe duk baƙar fatar da suka gani. Wannan wasiƙa ba ta fito daga Chicago ba, kuma masu bincike sun daɗe da saninta.

To, a nan ne nake rabuwa da masu cewa a bar maganar tunda babu tabbacin ya ɗana kunamar bindiga. Mutumin da ya nemi a kashe duk wanda aka gani, ba tare da tambayar wanda ya yi laifi ba, ya riga ya bayyana matsayinsa, ko da kuwa ya rubuta hakan ne cikin zafin rashin uba. Ana iya tausaya wa saurayi ɗan shekara 26 da ya dawo ya tarar an hallaka zangonsu, kuma ni ma ina tausaya masa, amma tausayi ba ya mayar da shi jakadan sulhu, wanda shi ne rawanin da aka daɗe ana ƙoƙarin naɗa masa.

Rawanin nan ya samo asali ne daga abu biyu. Na farko shi ne horar da ƙungiyar kurket ta 'yan asalin ƙasa da ya yi a 1866, wadda ya jagoranta zuwa filin MCG a ƙarshen Disamban shekarar, ita ce kuma ta tafi Ingila a 1868 ba tare da shi ba. Hakan ya faru, kuma abin mamaki ne daga mutumin da ya rubuta waccan wasiƙa shekara 5 kacal kafin nan. Na biyu shi ne labarin Marn Grook, wasan da 'yan asalin Victoria ke yi da ƙwallon fatar dabba, wanda ake cewa Wills ya gani tun yana yaro ya ɗauko dabarunsa. Labarin yana da daɗin ji, amma babu takarda ko ɗaya da Wills ya ambaci wasan a cikinta, shi ya sa masaniyar tarihi Gillian Hibbins ta yi watsi da shi a 2008, aka yi mata ca. Abin dariya a nan shi ne mutanen da suka rungumi labarin Marn Grook ba tare da shaidar rubutu ba, a cikinsu ake samun masu neman shaida kamar ta kotu idan aka zo kan jinin Gayiri. Idan hasashe ya isa a yabi mutum, bai kamata wasiƙarsa ta gaza a tuhume shi ba.

Hukumar AFL, mai kula da wasan ƙwallon Ostireliya, ita ce ta fi kowa cin moriyar wannan rawani, domin yana ba ta damar cewa wasan tun asalinsa na kowa ne. Amma ita ce hukumar da ta zuba ido 'yan kallo suka riƙa yi wa Adam Goodes, ɗan wasa ɗan asalin ƙasar, ihu har ya yi ritaya a 2015, ba ta nemi afuwarsa ba sai a 2019. Hukumar da ta kasa tsaya wa ɗan wasa mai rai ba ta da bakin yin ado da tarihin mamaci.

Masu cewa a tumɓuke mutum-mutumin ba su burge ni ba, domin hakan wata hanya ce ta ɓoye abin da ya faru. Abin da ya dace shi ne a rubuta shekarar 1861 a jikinsa, a kuma nemi zuriyar Gayiri su faɗi yadda suke so a ambaci kakanninsu.

Shi kansa Wills bai mutu a matsayin gwarzo ba. A 1872 alƙalin wasa ya kama shi da laifin jifa ba bisa ƙa'ida ba a kurket, giya ta cinye shi, manyan Melbourne suka juya masa baya. A ranar 2 ga Mayu, 1880, yana da shekara 44, ya caka wa kansa almakashi a ƙirji a gidansa da ke Heidelberg. Kabarinsa ya yi shekara 100 babu ko alama, sai a 1980 ƙungiyar kurket ta Melbourne ta kafa masa dutse mai suna. Mutanen Gayiri da aka harbe a dajin Queensland kuwa, ko ainihin adadinsu ba a rubuta ba.