Hannun daman Baba da maganar tasirin bincike

Jiya a wani zama a Samaru ana ta musu kan wane malamin jami'a ne ya fi wani, wannan ya ce wane ya wallafa takardu kaza, wancan ya ce ai wane an ambaci aikinsa sau kaza a Google Scholar, shafin intanet da ke ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikin mutum. Ni dai ban sa baki ba, don abin da ya faɗo mini a rai hannun Babanmu ne.

Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye. Ƙafa ta dawo a hankali har yana dogara sanda zuwa masallaci, amma hannu yana nan a sake kamar ba a jikinsa yake ba. Wanda ya san dattijon Bazazzage ya san me ake nufi da ya koma cin tuwo da hagu. Baba ya daina cin abinci a zaure da mutane, sai a kai masa ɗaki ya sakaya ƙofa, in baƙo ya miƙo hannu sai ya sunkuyar da kai ya ba shi hagu yana ba da haƙuri. Wallahi wannan ya fi ciwon kansa taɓa ni.

Wata ma'aikaciyar fisiyo, wato sashen gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, ce ta duba shi, ta ce ya ɗaga wuyan hannun, ya buɗe yatsu, ta ga suna ɗan motsi kaɗan. Ta ce, "Baba hannun nan bai mutu ba, ƙwaƙwalwa ce ta saba yin aiki ba shi." Sai ta sa masa safar hannu mai kauri a hagun, mai lafiyar fa. Umma ta ce, "Haba 'yar nan, wanda yake ci da shi za ki ɗaure?" Haka aka fara, a zuba wake a faranti ya riƙa tsinta yana sawa a kwano, ya ja carbi, ya ɓalle maɓallin riga ya mayar, ya buɗe murfin buta, wani lokacin gumi na zuba yana faɗa ya ce a cire masa abin nan, mu ba shi baki ya ci gaba.

Daga baya na bi diddigin dabarar. Asalinta aikin wani Ba'amurke ne, Edward Taub, da ya yi gwaji da birai. In aka yanke jijiyar da ke kai ji daga hannu ɗaya, birin sai ya daina amfani da hannun duk da tsokar na iya motsi, amma in aka ɗaure mai lafiyar sai ya koma yana aiki da wanda ya watsar. (Biran nan sun sha wuya, har 'yan sanda suka kwashe su a 1981 aka kai Taub kotu, kuma ban ce wahalar da su daidai ba ne.) Daga baya a jami'ar Alabama da ke Birmingham ya kai dabarar kan masu shanyewar ɓarin jiki. A 2006 aka wallafa babban gwaji kan mutum 222 a Amurka, aka raba su gida biyu, kashi ɗaya sati biyu ana rufe musu hannu mai lafiya kusan duk yini, ana motsa ɗayan har awa shida, kuma sun fi waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba samun sauƙi. Ba kowa take yi wa ba, sai wanda yatsunsa ke ɗan motsi, don haka kar wani ya je ya ɗaure wa mara lafiyarsa hannu ba tare da masani ya duba ba.

To wannan shi nake kira tasiri. Mutum ya yi aiki a wata nahiya, shekara arba'in bayan nan ya shigo har tsakar gidanmu. Ban raina lissafin ambato ba, na san da shi ake ƙarin girma, amma ina roƙon masu bincikenmu su ɗauki tambayoyin da ke gabanmu. Wanda zai taso daga Giwa ko Soba da kuɗin mota, ina zai samu awa shida kullum a asibiti? Ya za a koya wa 'ya'yansa su yi masa a gida, da Hausa, da kayan da ke gidan? Ga yaran da ake yi wa allura a mazaunai a taɓa babbar jijiyar ƙafa su dawo suna jan ƙafa, iyaye ba su san jijiya na tsirowa ne kamar milimita ɗaya a rana ba, sai su gaji a wata biyu su daina zuwa gashi. Ga masu ɗori, da kowa ya san wajensu ake fara zuwa, wa ya zauna da su kan ɗaurin da ke matse jijiya?

Hannun Baba bai koma kamar da ba, har yanzu ba ya iya rubutu sosai. Amma Juma'ar da ta wuce da aka sallame, na ga ya juya ya miƙa wa na kusa da shi hannun dama.